Tutar Alƙahira da Kwabon Zariya

Ranar 1 ga Janairu, 1900, aka sauke tutar Kamfanin Neja a Lakwaja aka ɗaga ta Ingila, Gwamna Lugga yana tsaye ana karanta shelar cewa Arewa ta shiga hannun Sarauniya. Washegari, 2 ga wata, can a Alƙahira, wani matashin lauya ɗan shekara 25 mai suna Mustafa Kamil ya fito da bugun farko na jaridarsa ta Larabci. Ya raɗa mata suna Al-Liwa, wato Tuta. Kwana ɗaya ne tsakanin tutocin nan biyu, kuma daular da ta kafa ta farkon ita ce dai wadda aka ɗaga ta biyun don a kora.

Abin da ya sa nake yawan haɗa ranakun nan biyu a raina wata tsohuwar adaka ce da ke gidanmu a Kontagora. Ta kakana ce. In ka ɗaga murfin, warin tsohuwar takarda da na kafur ne zai fara tarbarka. A ciki akwai wasiƙu da Larabci, rubutun alƙalamin gamba da tawadar zuge, akwai takardar rabon gado da aka lissafa tumuni da sudusi ba gyara ko ɗaya, akwai tambayoyin fiƙihu da wani malami ya aiko da amsarsu a gefen takarda. A can ƙasa kuma, an shimfiɗa wasu shafuka na Gaskiya Ta Fi Kwabo don kada sanyin ƙarfe ya taɓa littattafan. Tun ina yaro nake mamakin wannan jeri: Larabci a sama cikin gafaka, jarida a ƙasa tana aikin tabarma. Mutanen da suka iya Larabci har haka, me ya hana su yin jarida da shi, kamar yadda Misirawa suka yi?

Ba dai rashin alƙalami ba ne. Tun da Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa Kontagora wajen 1864 yana riƙe da sarautar Sarkin Sudan, da Larabci ake aika saƙo tsakanin garin da Sakkwato da Gwandu da Bida. Bature da kansa da ya zo haka ya tarar, haka kuma ya bi. Da sojojinsa suka ci Kontagora a ƙarshen Janairun 1901, Sarkin Sudan Ibrahim ya fice, sai Lugga ya aika wa Sarkin Musulmi Abdurrahman takarda yana ba shi labarin abin da ya yi wa Kontagora da Bida, har yana neman ya zaɓo wanda za a naɗa a gurbin Ibrahim. Wasiƙun da aka kwashe a gidan Waziri Buhari bayan faɗuwar Sakkwato a 1903 sun isa littafi guda, wani jami'i mai suna Backwell ya fassara su aka buga a 1927. Shi kansa Wazirin ya zauna ya rubuta risala yana bayyana wa ma'abota ilimi dalilin da ya sa ya zauna da Nasara bai bi masu hijira ba. Wannan ai sharhin siyasa ne tsantsa, irin wanda a wata ƙasa edita zai sa a shafin farko. Amma a nan sai almajiri ya zauna ya kwafe shi da hannu, kwafi ɗaya ya ci masa kwanaki, sannan ya jira fatake masu tafiya su kai shi wani gari.

Kada kuma ɗan Kontagora ya ruɗi kansa ya mai da Ibrahim Nagwamatse gwarzon 'yanci kawai don ya yi faɗa da Bature. Kambari da Kamuku da Gwari da Dukawa suna da nasu labarin game da hare-haren bayi na wancan zamani, kuma ba labari ne mai daɗin ji ba. Turawan ma da suka yi ta ɓaɓatu a kan haka, su suka maido shi gadon sarauta a 1903, ya zauna har rasuwarsa a 1929. Sai dai a wancan zamani ko'ina ka duba labarin nan a buge, da bakin Bature ya fito, domin injin buga takardu na gwamnati yana Zungeru, hedikwatar Lugga, nan kusa da mu, kuma abin da yake fitarwa dokoki ne da sanarwar gwamnati.

Masar ta riga mu da nisa a wannan fage. Muhammad Ali ya kafa maɗaba'ar Bulaƙ a farkon shekarun 1820, a 1828 kuma aka fara jaridar gwamnati, Al-Waƙa'i'ul Misriyya. Kafin Ingila ta mamaye ƙasar a 1882 bayan karya Ahmad Urabi, Alƙahira da Iskandariyya sun riga sun cika da masu jera haruffan dalma, da dillalan takarda, da yara masu tallar jarida. A watan Maris na 1884 Jamaluddin Al-Afghani da almajirinsa Muhammad Abduh suka fara Al-Urwatul Wusƙa daga wani ɗaki a birnin Paris, suna aika ta ƙasashen Musulmi suna kira a haɗa kai a kan Ingila. Bugu 18 kawai ta yi ta mutu a cikin shekarar, don Ingila ta toshe mata hanyar shiga Masar da Indiya. Amma ta bar darasi: mutum biyu da injin haya za su iya hana daula barci.

Mustafa Kamil ya tashi ne a cikin wannan hayaniya. Ya karanta shari'a, ya karɓo shaidarsa a Toulouse ta ƙasar Faransa a 1894, ya iya Faransanci kamar ya sha a nono, ya kuma sami shiga wurin wata marubuciya mai faɗa a ji a Paris, Juliette Adam. Magana ɗaya ya riƙe, ita yake juyawa kullum a Al-Liwa: Ingila ta ce zaman wucin gadi ta zo yi, to ta faɗi ranar tafiya. Ya yi kiran a kafa majalisa, a buɗe makarantu, a gina jami'a ta 'yan ƙasa. Kuma ya sami filin yin haka ne saboda Masar gida ne mai masu gida da yawa. A takarda ƙasar tana ƙarƙashin Sarkin Istambul, a fada akwai Khedive Abbas Hilmi na Biyu wanda ba ya ga maciji da Lord Cromer, wakilin Ingila, yana kuma taimakon matasan a ɓoye, ga Faransa tana jin haushin an yi mata shigar sauri. Tsakanin waɗannan ɓaraka jarida take samun wurin numfashi. Cromer kansa ya ɗauki surutun jaridu abin raini, yana ganin gara a bar tukunya ta riƙa fitar da tururi. Mafi yawan Misirawa a lokacin ba su iya karatu ba, amma a gidan shan gahawa mutum ɗaya zai karanta, ashirin su saurara.

Sai 1906 ta zo, shekarar da nake so mai karatu ya tsaya a kanta.

Ranar 13 ga Yuni, wasu hafsoshin sojan Ingila suka shiga wani ƙauye mai suna Dinshawai a yankin Manufiyya suna harbin tattabaru. Tattabarun nan ba na daji ba ne, kiwon mutanen ƙauyen ne, abincinsu ne. Aka yi cacar baki, wuta ta kama a masussuka, bindiga ta tashi ta raunata wata mata, mutane suka far wa hafsoshin da sanduna. Ɗaya daga cikinsu, Kyaftin Bull, ya sheƙa da gudu cikin tsakar rana da rauni a ka, ya faɗi a hanya ya mutu. Aka kafa kotu ta musamman ƙarƙashin Butrus Ghali. Cikin 'yan kwanaki ta gama: mutum 4 rataya, wasu ɗauri, wasu bulala. Aka kafa gungumen rataya a bakin ƙauyen, aka aiwatar da hukuncin bi da bi, a rataye wannan a tsala wa wancan, mata da yara suna kan soraye suna kallo suna kururuwa.

Mustafa Kamil yana Turai lokacin. Ya rubuta doguwar maƙala a jaridar Le Figaro ta Paris yana kai ƙarar Ingila wurin mutanen Ingila da sauran duniya, Al-Liwa kuma ta riƙe maganar ba ta sake ta ba, yau sunayen waɗanda aka rataye, gobe bayanin yadda aka yi shari'ar. Magana ta shiga majalisar dokokin Landan. Marubuta irin su George Bernard Shaw da Wilfrid Blunt suka ɗauka. A 1907 Cromer ya ajiye aiki bayan shekara 24 yana juya Masar, a farkon 1908 kuma aka saki fursunonin Dinshawai. A 1907 ɗin ne Kamil ya ƙara wa Al-Liwa ƙanne biyu, ɗaya da Faransanci ɗaya da Ingilishi, don Bature ya karanta zaginsa da harshensa, a ƙarshen shekarar kuma ya kafa jam'iyyar Hizbul Waɗani. Jarida ce ta haifi jam'iyya.

Wata huɗu kafin Dinshawai, a tsakiyar Fabrairun 1906, mutanen Satiru, wani ƙauye kudu da Sakkwato, sun tayar da ƙayar baya da sunan Mahadi, ƙarƙashin Malam Isa da wani makahon malami, Ɗan Makaho, wanda ya tsallako daga ƙasar da Faransa ke mulki. Yawancinsu talakawa ne da bayin da suka gudo, makamansu gatura da fartanya da 'yan kibau. Suka yi wa rundunar da aka tura musu ba-zata, suka kashe Turawa uku da sojoji baƙar fata fiye da ashirin, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Lugga ya tattara sojoji daga Zungeru da sauran barikoki suka nausa arewa. Ranar 10 ga Maris aka buɗe wa Satiru wuta. Lissafin da Turawan kansu suka bayar ya kai mutum wajen 2,000. Aka rushe garin, aka kwashe mata da yara, Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya la'anci duk wanda zai sake gini ko noma a wurin. Wata guda da rabi bayan haka aka afka wa Haɗeja, Sarki Muhammadu ya faɗi a fagen fama.

A Landan akwai wanda abin ya dama. Winston Churchill, yana ƙaramin minista a ofishin kula da ƙasashen mallaka, ya yi rubutu a gefen fayil yana tambayar yadda za a kare kisan taron da kusan ba shi da makami. A gefen fayil ɗin maganar ta kwanta. Mutum 4 a Masar sun taimaka wajen tumɓuke Cromer, mutum 2,000 a ƙasar Sakkwato ba su sa an tuhumi ko da saje ɗaya ba. Dalilai suna da yawa, ciki har da cewa sarakunanmu sun tsaya tare da Bature a Satiru, don su ma tawayen talaka da bawa bai yi musu daɗi ba. Amma ni dai na fi ganin wannan: babu wanda ya buga sunan ko mutum ɗaya daga cikin talakawan da suka mutu a Satiru a takardar da za ta kwana a jirgin ruwa ta isa Landan.

Al-Liwa ma ba ta yi tsawon rai ba. Kamil ya rasu ranar 10 ga Fabrairu, 1908, yana ɗan shekara 33, ɗalibai suka fito daga makarantu suka cika titunan Alƙahira da jana'izarsa. Shaihu Abdul'aziz Jawish ya karɓi aikin edita, harshensa ya fi na marigayin kaifi. A shekarar aka gurfanar da shi saboda abin da ya rubuta kan yadda aka murƙushe boren Wad Habuba a Sudan, kotu ta sallame shi. A 1909 hukuma ta tono tsohuwar dokar jaridu ta 1881 ta karkaɗe mata ƙura, Jawish ya sha ɗaurin wata uku kan maƙalar tunawa da Dinshawai, rigimar gado da ta jam'iyya ta shiga gidan jaridar, a 1912 aka rufe ta. Akwai kuma wani abu da bai kamata mu baƙar fata mu tsallake ba: 'yan kishin Masar na lokacin suna kallon Sudan a matsayin mallakarsu da Ingila ta ƙwace musu. Mai kukan an danne shi, shi ma yana da wanda yake so ya danne.

Turawan da ke mulkin Arewa sun ga duk wannan, kuma sun ɗauki darasi. Babban abin da ke hana su barci shi ne hanyar gabas, wadda alhazai ke bi da ƙafa ta Barno da Wadai da Darfur zuwa Bahar Maliya, inda jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya da suka tsira daga yaƙin Burmi a 1903 suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Duk abin da ake faɗa a Alƙahira da Umdurman zai iya biyo jakar alhaji. A 1923 suka kama Shaihu Sa'idu ɗan Hayatu a Dumbulwa bisa zargin shirin Mahadiyya, suka kai shi Buea a Kamaru. Suka tura wani jami'i, Lethem, ya bi sawun 'yan Nijeriya har Sudan da Jidda da Masar, shi da wani jami'in, Tomlinson, suka haɗa rahoto a kan abin da suka kira farfagandar siyasar Musulunci. A Sudan ɗin kuwa sun gwada wata dabara: jaridar Hadaratus Sudan da aka fara a 1919, wadda daga 1920 ta zama ta manyan shugabannin addini uku, Sayyid Abdurrahman Al-Mahdi da Sayyid Ali Al-Mirghani da Sharif Yusuf Al-Hindi, tana fitowa da Larabci mai kyau tana kuma sukar kiran haɗewa da Masar, abin da ya yi wa Ingila daɗi. In ba za ka iya hana jarida ba, ka riga kowa yin ta.

A nan sun fi haka samun sauƙi. Tun zamanin makarantar Ɗan Hausa a Nasarawar Kano, wadda aka buɗe a 1909, gwamnati ta zaɓi rubutun boko ta bar ajami, ta kuma mai da Hausar boko harshen ofis. Malamin zaure ya ci gaba da Larabcinsa, amma an raba shi da injin. Jaridar farko da ta ɗauki Larabci a Arewa ta gwamnati ce, ta fito a 1932 da harsuna uku, Ingilishi da Hausa da Larabci, ana kiranta Jaridar Nijeriya ta Arewa. 'Yan lokuta kaɗan take fitowa a shekara, cikinta labarin naɗin sarauta ne da rangadin Gwamna da nasihar noma da kiwon lafiya. Larabcin da Mustafa Kamil ya yi wa Cromer tsiya da shi, a nan an ɗauke shi aikin sanƙira.

Daga nan labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. In ka bar Kontagora ka nufi gabas, ka kai Tegina hanya ta rabu: dama ta yi Zungeru da Minna, miƙe kuma ta kai ka Kagara. A Kagara, wadda a lokacin take cikin Lardin Kontagora, aka haifi Abubakar Imam a 1911, a gidan Malam Shehu Usman, gidan allo da littattafan Larabci. Wansa, Malam Bello Kagara, ya girme shi da shekaru masu yawa, ya ga zuwan Turawa da idonsa yana yaro. Da Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta sa gasar ƙaga labari a 1933, 'yan'uwan nan biyu duk suka ci: ƙanen da Ruwan Bagaja, wan da Ganɗoki. Ganɗoki kuwa jarumi ne da ya fara gwabzawa da Nasara a ƙasar Kontagora, ya bi masu hijira gabas, sannan marubucin ya ɗauke shi ya kai shi duniyar aljannu, ya dawo da shi bayan ƙura ta lafa ya tarar da sabon zamani. Duk lokacin da na tuna tsarin littafin sai in ga kamar dabara ce ta mai hankali: abin da ba za a bari ka faɗa a matsayin labarin gaskiya ba, sa masa rigar tatsuniya, Baturen da kansa zai buga maka har ya ba ka lada.

Imam ya gama Kwalejin Katsina a 1932, yana koyarwa a Midil ta Katsina aka aro shi zuwa Zariya a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, inda ya ɗebo da yawa daga littattafan Larabci irin na gidan ubansa ya zuba su a tukunyar Hausa. Sai ga raɗe-raɗi ya cika ƙasa a 1938 cewa Ingila za ta ba Hitila Nijeriya don ta rarrashe shi, tun da Jamus tana neman a maido mata da ƙasashen da aka ƙwace mata, ciki har da Kamaru da Togo. Gwamnati ta ga tana bukatar baki. A Janairun 1939 aka fito da Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, kuɗinta kwabo, East yana sama, Imam shi ne editan Hausa.

Kakana ya ce a Kontagora sai ta yi kwanaki da fitowa kafin ta iso cikin jakar wasiƙu. Wani malamin elementare ne ke karɓa. Bayan la'asar a shimfiɗa tabarma a gindin bedi, ya gyara zama, ya lashi yatsa ya buɗe. Masu sauraro har karo-karo suke yi, anini-anini, goma su tashi kwabo. In ya zo sunan gari mai wuya irin na ƙasar Bama sai ya yi tuntuɓe, a yi dariya, wani tsoho ya ce a maimaita, don ɗansa yana can cikin soja. Shi kakan nawa, da yake bai yarda da boko ba, daga gefe yake zama yana jan carbi kamar ba ya ji. Ranar da aka fara saƙo 'yan shafukan ajami a ciki, waɗanda ake kira 'Yar Gaskiya, a farkon shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, sai ya miƙa hannu ba tare da ya ce uffan ba. Tun daga ranar, in an gama karatu shi ke tafiya da takardar gida. Haka ta sami hanyar shiga adaka.

Jaridar gwamnati ce, ba a ɓoye ba. Tana zagin Hitila, tana kiran samari su shiga soja, tana yabon masu ba da gudummawar yaƙi, a daidai shekarun da ake kwasar mutane daga lardunan Arewa ana kai su aikin tilas a ma'adinan kuza na Jos. Amma ta buɗe wata ƙofa da mai ita bai auna faɗinta ba, wato shafin wasiƙu. Malaman makaranta da ma'aikatan En'e da sojoji daga bakin daga suka fara rubutowa, a kan ƙarancin makarantu, da cin hanci, da yadda akawunan Kudu suka cika ofisoshi. Mutumin Bauci ya karanta kukan mutumin Sakkwato ya ga irin nasa ne. Kalmar “Arewa” da ma'anar jama'a guda mai buƙata guda, a waɗannan shafuka ta yi ƙiba.

A 1943 aka gayyaci editoci takwas na Afirka ta Yamma su ziyarci Ingila. Cikinsu akwai Imam, akwai kuma Nnamdi Azikiwe mai jaridar West African Pilot, wadda ya kafa a Ikko a 1937. Abin da ba a cika lura da shi ba, shi ma Azikiwe, wato Zik, a Zungeru aka haife shi, a Nuwamban 1904, ubansa yana akawu a hedikwatar Lugga, kuma da Hausa ya fara wasa a ƙasa. Ɗan Zungeru da ɗan Kagara, hanyar Tegina ce kawai tsakanin mahaifarsu, sai ga su a tafiya ɗaya a tsakiyar yaƙi. Zik ya tsara takarda yana kafa hujja da Yarjejeniyar Atlantika ta 1941, yana neman a ba ƙasashen Afirka ta Yamma mulkin kai cikin shekara 15. Wannan ita ce tambayar Mustafa Kamil, a faɗi ranar tafiya. Imam ya ƙi sa hannu. Ganinsa shi ne ba a shawarci mutanen Arewa ba, kuma mulkin kai a wannan hali zai zama sauya ubangida ne kawai, tun da Arewa ba ta da 'yan bokon da za su riƙe ofis.

Abin da ya yi a maimakon haka ya fi ban mamaki. Ya sadu da Lugga, tsoho ɗan shekara 85 yana zaman ritaya a ƙauye, mutumin da ya ci Kontagora shekara goma kafin a haifi Imam, ya kuma aika sojoji Satiru. Ya zayyana masa yadda tsarin mulki ta hannun sarakuna ya koma: Razdan ba ya jin kowa sai sarki, talaka ba shi da wurin kai kuka, matasan da aka ilimantar an mai da su 'yan kallo. Ya biyo baya da dogayen wasiƙu, Lugga ya miƙa su gaba ga hukuma. Labarin tafiyar kuma ya fito a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Masu zafi sun daɗe suna ganin laifin Imam a nan, suna cewa ɗan lelen Bature ne. Ni ban tsaya tare da su gaba ɗaya ba, ban kuma wanke shi tas ba. Kamil yana da Khedive a bayansa, da attajirai masu gonakin auduga, da Paris wurin gudu in ta ɓaci. Imam albashinsa, da takardar da yake bugawa a kai, da injin, da jakar wasiƙun da ke kai ta Kontagora, duk na wanda zai soka ne. Mai hannu a bakin kura ba ya zaginta. Duk da haka, rashin sa hannun nan ya zama tsani da aka daɗe ana hawa don a jinkirta abubuwa da dama, kuma mutane irin su Malam Sa'adu Zungur na Bauci, wanda ya sha Larabci ya ƙoshi kamar kowane malamin soro, sun nuna cewa ana iya zama ɗan malamai a kuma yi wa sarauta da Bature tsaye. Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa sun yi ta muhawara a ƙungiyar tattaunawa ta Bauci a shekarun yaƙin, daga baya Zungur ya tafi Ikko ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ta su Zik. Gidan Gaskiya, wanda aka mai da kamfani a Tudun Wadar Zariya a 1945, shi ma ya zama matattarar 'yan bokon da suka haɗu da su Dokta Dikko aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, Imam yana cikinsu.

Iskar Masar kuwa ta iso Arewa daga ƙarshe, amma ba ta hanyar alhazai da su Lethem suka tsare ba. Ta teku ta biyo. Akwai wani dattijo a Ikko mai jar dara, Duse Mohamed Ali, wanda ya ce a Iskandariyya aka haife shi a 1866, ubansa hafsa ne a rundunar Urabi, uwarsa 'yar Sudan, Larabcin ma ya kuɓuce masa tun yana yaro a Ingila. A 1911 ya buga littafi a Landan yana kare 'yan kishin Masar, a shekara ta gaba ya fara mujallar African Times and Orient Review, inda Marcus Garvey ya yi masa aiki yana saurayi. A 1933 ya kafa jaridar Comet a Ikko, shi ne kuma ya shugabanci taron da aka kafa NCNC a Agustan 1944. Kamfanin Zik ya saye Comet, gwamnati ta dakatar da ita tare da Pilot lokacin babban yajin aiki na 1945, shekarar da dattijon ya rasu. A 1949 aka ɗauke ta aka kai Kano. Da aka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agusta, 1950, a shafukan Comet 'yan Sawaba, wato mabiyan jam'iyyar, suka sami wurin faɗin abin da Gaskiya ba za ta ɗauka ba, da Ingilishi da Hausar boko.

A adakar kakana babu ko shafi ɗaya na Comet. Wanda aka gani da ita a garin sarki a wancan zamani ya san abin da ya saya wa kansa. Shafukan Gaskiya ne kawai, sun yi ja sun fara karyewa a wurin ninki, kuma a gefen ɗaya daga cikin na ajamin ya yi rubutu da tawadarsa, ƙanana-ƙanana, yana gyara wa editan wani wasali da ya sa ba daidai ba.